Sharhin "cire tallafin mai ya haifi ɗa mai ido": hujja ce ko zato?

Malam Bala: Jama'a, ina ganin ana zaluntar mai sharhin nan da ya rubuta cewa cire tallafin man fetur ya haifi ɗa mai ido. Abu biyu ya kafa hujja da su. Kuɗin da FAAC, kwamitin rabon kuɗin shiga tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, ya raba ya tashi daga kusan naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. Hauhawar farashi kuma, a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta NBS, ta sauko daga kashi 34.80 a Disamba 2024 zuwa 24.48 a Janairu 2025. Sai ya ce saboda haka cire tallafin da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023 ya fara amfanar talaka. Wanne ne ƙarya a ciki?

Hajiya Rabi: Malam, babu lambar da ta zama ƙarya, kuma nan ne haɗarin yake. Ka ɗauki ta biyu. A Janairu 2025 NBS ta sauya ma'aunin ne gaba ɗaya: shekarar tushe, wato wadda ake kwatanta farashi da ita, ta koma 2024 daga 2009, an sake jerin kayan da ake bibiyar farashinsu, an rage nauyin da abinci ke da shi a lissafin. Wato 34.80 da 24.48 ba da mudu ɗaya aka auna su ba, don haka ba a jera su a ce an samu sauƙi cikin wata guda. Ko da ma saukar ta gaskiya ce, kashi 24 na nufin kaya na ci gaba da tsada, gudun ne kawai ya ragu. Marubucin bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Malam Bala: Na karɓi wannan, Hajiya. Amma kuɗin rabon fa? Ƙarin rabi ba wasa ba ne.

Hajiya Rabi: A raba shi da tsadar shekarar tukuna. Matsakaicin hauhawar farashi a 2024 ya kai kusan kashi 33. Ka raba 1.50 da 1.33, abin da zai rage maka ƙarin kusan kashi 13 ne. Sannan ka buɗe sanarwar FAAC ta kowane wata, za ka ga layi na musamman na ribar canjin kuɗi. An saki naira kasuwa ta yanke darajarta a tsakiyar Yuni 2023, mako biyu bayan cire tallafi, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Dalar ɗanyen mai ɗaya ta koma naira ninki uku a takarda. Matakai biyu ne aka ɗauka kusan lokaci ɗaya, shi kuma ya jingina sakamakon duka ga guda.

Alhaji Garba: Ku bar ni in shigo. Ni inda nake sa ido a kowane sharhi shi ne kalmar "saboda haka". Ka ja layi a ƙarƙashinta, ka tambayi kanka me sai ya tabbata kafin abin da ke bayanta ya biyo abin da ke gabanta. A nan zaton da aka ɓoye shi ne kuɗi in ya shiga asusun jiha ya isa asibiti da makaranta. Wannan ana iya bincikarsa: jihohi na wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku. A duba abin da aka saki wa lafiya da ilimi, ba abin da aka ware ba, a kwatanta da biyan bashi da hidimar gidan gwamnati. Kuma tiriliyan 15 ɗin na tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ne a haɗe, ba na jihohi kaɗai ba.

Amma Hajiya, masu sukar cire tallafin ma suna yin irin wannan. Suna rubutu kamar duk litar da aka biya wa tallafi talakan Najeriya ne ya sha. A 2022 tallafin ya ci sama da tiriliyan 4, ana cewa muna shan lita miliyan 60 da wani abu a rana, har shugaban kwastam na lokacin, Hameed Ali, ya fito ya ƙalubalanci lambar. Bayan cirewa NMDPRA, hukumar da ke kula da harkar rarraba man fetur, ta ce abin da ake sha ya sauko ƙasa da lita miliyan 50.

Hajiya Rabi: Haka ne Alhaji, sai dai ita ma wannan saukar tana da fassara biyu: fasa-ƙwauri zuwa Nijar da Benin da Kamaru ya ragu, ko kuma mutane sun ajiye motoci sun kashe janareta. Duka biyun sun faru. Wanda ya ce duk na fasa-ƙwauri ne, sai ya kawo lissafin da ya raba su.

Malam Bala: To wace lamba ce za ta gamsar da ku kan talakan kansa?

Alhaji Garba: A auna albashi da kaya. Tsohon mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, lokacin da litar fetur take wajen naira 195 kafin cire tallafi, yana sayen lita 150 da 'yan kai. Na 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024, da lita ta haura 1,000 a Oktoban shekarar, bai kai lita 70 ba. A yi wannan lissafin da masara da shinkafa da kuɗin mota, a faɗi watan da kasuwar da aka ɗauko farashin. Kuma a tuna yawancin mutanenmu manoma ne da 'yan kasuwa, ba sa kan wannan albashin, don haka su ma sai an nemo nasu ma'aunin daban.