Wace kalma za mu sa wa "burnout" na masu shirin babbar jarrabawa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ana neman kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin "burnout", irin wanda ke kama ɗalibi mai shirin babbar jarrabawa: ya yi watanni yana karatu ba ji ba gani, ana saura 'yan makonni sai ya kasa ko buɗe littafi. Wasu na rubuta "gajiya", wasu "ƙonewa". Duka biyun ba su kwanta mini ba. Me kuka gani?

Malamar ilimin halayyar ɗan Adam: Wa'alaikumus salam. Kafin a raɗa suna, a fara sanin abin. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, shi ne ya fito da kalmar a rubuce-rubucen masana a 1974, yana bayanin halin da ma'aikatan sa-kai na wani asibitin kyauta a Amurka suka shiga. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da aka fi amfani da shi har yau, kuma sassa uku yake aunawa. Na farko, ƙarfi ya ƙare ta yadda hutun kwana ɗaya ba ya mayar da shi. Na biyu, zuciya ta juya wa aikin baya, mutum ya fara cewa me ma amfaninsa. Na uku, ya riƙa jin ba ya taɓuka komai ko da yana taɓukawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a kundinta na rarraba cututtuka, amma ba a matsayin cuta ba, a matsayin hali da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa. An kuma yi wa ɗalibai nasu ma'aunin a 2002. Kalmar da za mu zaɓa sai ta ɗauki ukun nan.

Malamin Hausa: To, da wannan bayani na Malama, "ƙonewa" ta fita. Kwafo ce kawai daga Turanci. Bahaushe ya ji an ce ɗalibi ya ƙone, wuta zai tambaya. "Gajiya" kuwa ta yi sauƙi, domin gajiya barci ke warware ta. Ga waɗanda suka rage a gabana: galabaita, gundura, kasala, sarewa, jigata.

Likita: Malam, don Allah a cire "kasala" tun yanzu. Kalma ce mai ɗora laifi. In aka ce wa yaro kasala ke damunsa, maganin da za a ba shi shi ne ya ƙara dagewa, alhali dagewar ce ta kai shi nan. Yawancin waɗanda abin ke kamawa ba ragwaye ba ne, su ne masu ƙwazon.

Kuma yadda yake farawa sananne ne. Ɗalibi ya rage barci don ya ƙara awannin karatu. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10, kuma cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka karanta da rana ya zauna. Da an yanke shi zuwa awa 4 ko 5, washegari shafin da ake gamawa a minti goma sai ya ci rabin awa. Ɗalibin ya ga yana baya, ya ƙara yanke barci, ya haɗa da gahawa ko lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wato wanda ya sha da ƙarfe 4 na yamma, kusan rabi na tare da shi da ƙarfe 9 na dare. Ko ya kwanta, barcin ba ya nauyi. Haka abin ke zagayawa har ƙarfi ya ƙare.

Mai ba ɗalibai shawara: Ni dai "sarewa" nake so. "Ya sare da karatun." Kowa ya gane, gajeriya ce, kuma haka ɗaliban ke faɗa da bakinsu.

Malamin Hausa: Hajiya, a matsayin aikatau tana da daɗi ƙwarai. Matsalarta biyu. In aka sa ta ita kaɗai a kan magana, "sarewa", wani zai ɗauka abin busa ake nufi. Sannan zuciya kawai take kamawa: mutum na iya sarewa nan take don ya ga tarin littattafai, jikinsa garau. "Galabaita" kuma jiki ta fi kamawa, irin ta yunwa da ƙishirwa da rana. "Gundura" ta kama sashe na biyu daidai wa daida, amma lacca mai tsawo ma na gundurar mutum.

Shi ya sa na karkata ga "jigata". Ba a jigata a yini guda, sai wahala ta daɗe tana cin mutum. Tana haɗa jiki da zuciya. Kuma wanda ya ji an ce wane ya jigata, tausayi yake ji, yana kuma neman abin da ya jigata shi. Sai mu ce "jigatar karatu", ga ma'aikata kuma "jigatar aiki". Sauran kalmomin ba za a zubar ba, su zama sunayen sassan da Malama ta lissafa: galabaita, gundura, sai sarewa.

Mai ba ɗalibai shawara: Na karɓa a rubutu, amma in ina magana da yaro "ka sare ne?" zan tambaye shi. Yanzu bari in gwada ta inda za ta yi aiki, wato yadda ake kauce wa jigatar karatu.

A fara da sa lokacin kwanciya da na tashi a jadawali, sannan a cusa karatu a abin da ya rage. Karatun a yanka shi: minti 25 da hutun 5, bayan zagaye huɗu a huta minti 15 zuwa 30, kamar yadda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya tsara. Wanda kuma darasinsa ke son dogon tunani, irin lissafi, ya yi minti 50 da hutun 10. Hutun kuma a miƙe a taka, a sha ruwa. Wanda ya ɗauki waya bai huta ba, ya canza wa idonsa aiki ne kawai.

Inda aka fi ɓarnar ƙarfi shi ne maimaita karanta shafi ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka rubuto abin da suka tuna sun fi masu sake karantawa riƙe shi bayan mako guda, duk da masu sake karantawar sun fi jin sun iya. Don haka a karanta sau ɗaya da natsuwa, a rufe, a rubuta, a duba inda aka yi kuskure. A waiwayi darasin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan makonni uku. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da ranar farko. Burin yini ya zama abin ƙirgawa, kamar tambayoyi 20 na jarrabawar baya, ba "zan yi awa goma sha biyu" ba. A bar rabin yini ko yini guda a mako babu littafi, a kuma bar gurbi a jadawalin don ranar da abubuwa suka caɓe, domin jadawalin da ba shi da gurbi, rana ɗaya aka rasa ya rushe, daga nan sarewar ke shigowa.

Likita: Mai fassara, ka sa wannan a ƙarƙashin kalmar duk inda ka rubuta ta. Jigatar karatu tana manne da karatun: an sassauta na kwana biyu ko uku, an yi barci, an motsa jiki, sai a ga sauƙi. Idan kuwa baƙin ciki da rashin jin daɗin komai sun bi mutum ko'ina, kusan kullum har mako biyu, ko ya fara tunanin cutar da kansa, wannan ya wuce jigata. A kai shi ga likita, kada a jira a gama jarrabawa.

Mai fassara: Na gode, Dakta. Ga yadda na gwada: "Rage barci na cikin abubuwan da ke jawo jigatar karatu." "Alamominta uku: galabaita, gundura da sarewa." Sun zauna. Saura abu ɗaya, Malam: ina jin wasu na cewa "jigatuwa". Wanne zan rubuta?

Malamin Hausa: Ana faɗin duka biyun. Ka riƙe "jigata", ta fi gajarta kuma ta fi shiga jimla: jigatar karatu, jigatar aiki, ya jigata, karatu ya jigata shi. A karon farko da ta fito a rubutunka ka biyo ta da sassan nan uku, mai karatu ya san ba gajiyar yini ake nufi ba.