Yaya mai sauraro zai tallafa wa radiyo mai zaman kanta a Damagaram ba tare da an saye bakinta ba?

Ɗan Zengou

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Fadodin masu sauraro da dama a nan Damagaram suna son su riƙa taimaka wa gidajen radiyo masu zaman kansu da na karkara, don kowa na ganin halin da suke ciki. Wuta ta ɗauke, shiri ya tsaya a tsakiya. Ma'aikata su yi watanni ba albashi. Labarai kuma duk sun koma na buɗe taro da rufe taro. Tsoron da ake shi ne a tara kuɗi a kai, a wayi gari wanda ya fi bayarwa shi ke juya gidan. Wace hanya za a bi? Kuma in kuɗin kaɗan ne, me ya kamata a fara biya?

Hajiyar Birni

Wa alaikumus salam ƙanena. Ku fara da sanin ta ina kuɗi ke shiga gidan. Ƙofofin ba su da yawa: sanarwar biki da suna da rasuwa da cigiya, gaishe-gaishe, tallar 'yan kasuwa da masu magani, lokacin da malamai da ƙungiyoyi ke saya, kwangilar furoje, wato ayyukan ƙungiyoyin agaji, sai kuɗin ɗaukar taro. Na ƙarshen nan shi ya fi ɓarna. Ɗan jaridar da ba shi da albashi, man babur ɗinsa daga aljihun mai taro yake fitowa, don haka duk labarin da ba mai biya ba zai je ba. Layin jarkoki a bakin famfo lokacin zafi ba mai biyan kuɗin ɗaukarsa, haka farashin tiyar hatsi a kasuwar Dolé, haka likitar ƙauyen da magani ya ƙare. Alhali waɗannan ne labaran da mutane ke buɗe radiyo dominsu.

Saboda haka in kuɗinku kaɗan ne, ku sa shi a kuɗin fita aiki. A yanke adadi guda na kowace fita cikin gari, da wani adadin na fita Mirriah ko Takiéta, a rubuta a littafi: ranar, sunan wanda ya fita, labarin da ya kawo. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ya karɓi wannan ba ya karɓar ambulan ɗin kuɗi a inda ya je.

Wajen tarawa, yawan hannu ake nema, ba girman hannu ba. Mutum 300 kowa ya ba da dala ɗari (sefa 500) a wata, jika 150 ke nan, kuma ko goma sun janye ba abin da zai tsaya. Ku rubuta tun farko cewa ba wanda zai ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da aka tara. Ranar da wani babban mutum ya ce ku huta shi zai biya na kowa, ku yi masa godiya ku karɓi daidai ƙa'ida. Yana da wuya, musamman in dattijo ne da ake jin nauyi, shi ya sa ake rubuta dokar kafin ya zo, a ce masa takarda ce ta hana.

Kada a danƙa kuɗin a hannun darakta ko mai gabatar da shirin da kuke so. A buɗe asusu da sa hannun mutum biyu, a biya abu kai tsaye: takardar kuɗin wuta ta NIGELEC, gazuwal, kuɗin intanet, a karɓi rasit. 'Yan'uwa da ke Kano, Agadez ko Libiya su aiko ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita da Amana ko ta kuɗin salula zuwa lamba ɗaya da kowa ya sani. Duk wata uku a karanta lissafin a radiyon kanta, abin da ya shigo da abin da ya fita.

Inda irin wannan ke mutuwa shi ne wata na uku ko na huɗu, mai karɓa ya gaji da yawo. Gara a raba unguwa-unguwa, kowane mai karɓa da mutum ashirin kawai. A ƙauye kuma kuɗin wata-wata ba ya tafiya da damina. A karɓi na shekara gaba ɗaya da kaka, ko da tiyar hatsi ce ko wake, a ajiye a sayar idan farashi ya ɗaga.

Mai Gyaran Eriya

Hajiya ta yi magana mai kyau, amma ni da za a bi ta tawa, wuta za a fara. Gidan da ba ya kan iska ba shi da labarin da zai kare.

Ga lissafin ƙaramin gida. Injin watsa shiri mai wat 300 yana jan kamar wat 500 zuwa 600. Ƙara teburin haɗa sauti, kwamfuta, fitilu da fanka, wat 300 zuwa 400. A ce wat 1000 gaba ɗaya. Awa 10 na shiri a rana kilowat-awa 10 ke nan. Ranar Damagaram tana ba da awa 5 zuwa 6 masu ƙarfi, amma zafi da ƙura da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, suna cinye wajen kashi 30 cikin 100. Don haka farantan sola na wat 3000 ake so, wato 6 masu wat 500 ko 10 masu wat 300. Wannan lissafin ba na'urar sanyaya ɗaki a ciki, ita kaɗai tana iya jan abin da sauran duka ke ja.

Batir ne wurin da kuɗi ke salwanta. Shirin dare na awa 5 yana son kilowat-awa 5. Batirin gubar dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, amma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe. Biyar ke nan a ƙalla, takwas in ana son kwanciyar hankali. Kuma zafi na kashe shi: duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa, ga shi a watan Afrilu da Mayu ɗakin kwano yana wuce 40. Litiyom ya fi tsada a saye amma ya fi jurewa, ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa. Ko wanne aka saya, a sa shi a ɗaki mai iska, kada a haɗa tsoho da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Abubuwa uku ke ƙona injin watsawa a nan. Ƙurar hunturu ta toshe matatar fanka, zafi ya taru a ciki, shi ya sa ake wanke matatar duk mako, farantan sola ma haka, da sassafe kafin su yi zafi. Ruwan damina ya shiga mahaɗar wayar eriya, ƙarfin ya riƙa komowa cikin injin. Akwai allon da ke nuna ƙarfin da ke komowa, a duba shi kullum a rubuta, in ya fara hawa a rage ƙarfi a kira mai gyara. Sai tsawa. Sandar tagulla a ƙasa mai danshi, waya mai kauri daga ƙarfen eriya zuwa gare ta, da na'urar kare tsawa a bakin wayar. A wuraren da ke kan dutse kamar wajen Birni sanda ɗaya ba ta isa, sai an haƙa an sa da yawa an haɗe su.

Kada kuma a yaudare ku da cewa babban inji shi ne nisa. FM tsawo yake bi. A kimance, eriya mai mita 25 tana ganin kilomita 20, mai mita 49 tana ganin 28. Ninka ƙarfin inji yana ninka wutar da injin ke ja, nisan da ya ƙaru kaɗan ne. Ƙarfin inji da mitar da ake kama tashar a kanta duk a rubuce suke cikin takardar izini, ba a canza su sai da yardar hukuma.

Malam na Garin Malam

Ɗana, kuɗi da wuta duk gaskiya ne. Na uku shi ne doka, kuma masu sauraro sun fi mantawa da ita.

Ƙasar nan tamu ta Nijar ta yi tafiya mai nisa. Jaridar Haské ta fito a 1990, radiyo masu zaman kansu suka biyo baya cikin shekarun 1990, radiyon karkara ta farko ta buɗe a Bankilaré a 1999. Dokar 'yancin jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri a kan laifin ɓata suna ta hanyar jarida. A 30 ga Nuwamba 2011 shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu a sanarwar Table Mountain, wadda ke neman ƙasashen Afirka su soke dokokin ɗaure 'yan jarida kan ɓata suna da zagi, shi ne shugaban ƙasa na farko da ya yi, ranar ta zama ranar 'yancin jarida ta ƙasa. Amma dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar. An sassauta ta a 2022, sannan a Yunin 2024 aka maido da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta intanet, 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Ma'anarsa, magana ɗaya in an faɗe ta a iska hukuncinta daban, in an yanko ta an sa a Facebook ko WhatsApp hukuncinta daban. Kuma wannan dokar ba ta tambayar katin ɗan jarida, mai sauraron da ya tura shi ma tana hawa kansa.

To ga abin da kuɗinku zai iya yi. Na farko, faifan ajiya na kwamfuta da za a naɗi duk abin da ya fita a iska, a jera da kwanan wata. In an kai ƙara cewa an faɗi kaza, naɗin ne shaida. Na biyu, shirin kiran waya. Nan ne mafi yawan rigima ke fitowa, don mai kira yana ambaton suna ya ɗora laifi, gidan kuma shi ke da alhakin abin da ya watsa. A sa mutum na biyu ya fara ɗaukar kiran, ya ji abin da za a faɗa, ya rubuta lamba. In da hali a sa jinkirin daƙiƙa 7 zuwa 10 a kwamfuta don a iya yankewa. Na uku, yarjejeniya da lauya tun ba a shiga matsala ba, lambarsa a wayar kowane ma'aikaci, da ɗan asusu da ba a taɓawa sai ranar sammaci.

Sauran aikin edita ne, amma ku tambaye shi. Ba a zargin mutum ko ma'aikata sai da majiya biyu da ba su ji daga juna ba, kuma an nemi jin ta bakin wanda ake zargi, an rubuta ranar da aka kira shi. Wanda ya nemi haƙƙin mai da martani a ba shi a lokacin da ya yi daidai da na shirin farko. Duk shirin da aka saya a faɗa a farkonsa da ƙarshensa cewa an biya. Radiyon karkara kuma sharuɗɗanta ba ɗaya ba ne da na radiyon kasuwanci, ku nemi takardar sharuɗɗan ku karanta kafin ku nemi ta yi shirin da izininta bai ba ta ba.

Ɗan Zengou

Allah ya saka da alheri. Baba Malam, Hajiya, to kuɗin furoje da na ƙasashen waje fa? Wasu na cewa a guje shi gaba ɗaya.

Hajiyar Birni

Ba a guje shi ba ƙanena, amma ba a gina albashi a kansa. Furoje yana da ranar ƙarewa, kuma yana zuwa da maudu'insa. Mai amfani a ciki shi ne abin da ke saura bayan ya tafi: sola, na'urar naɗar murya, horo. Studio Kalangou da gidauniyar Hirondelle ta kafa a Yamai a 2016 misali ne na tsarin da ake shirya labarai cikin harsunan ƙasa, gidaje abokan hulɗa su watsa. Yana cike gurbi, amma ba zai je famfon unguwar Kara-Kara kullum a madadin ɗan jaridar garin ba.

Shirye-shiryen waje kuma an ga yadda suke tsayawa dare ɗaya: gwamnati ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, BBC na wata uku a Disamban 2024. Gidan da ya jingina awanninsa a kansu sai ya tashi da rami a jadawali. In kwangilar furoje ta zo, a duba abu uku kafin sa hannu: wa ke da kayan bayan an gama, an sa kuɗin wuta da na ma'aikata cikin farashin kowane shiri ko kuwa lokacin iska kawai aka biya, kuma akwai layin da ya ba mai kuɗin damar sauraron labarai kafin su fita. In akwai wannan layin a nemi a cire shi, ko a taƙaita shi ga shirin da suka saya kaɗai.