Bod da aka haɗa da hannu: me zan duba kafin in saka masa wuta?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Na yi odar ƙananan bod guda 5 wurin wani mai sayar da kayan masu koyon lantarki, irin wanda shi da kansa yake zama ya liƙa kayan da hannu, kowanne da ESP32 (ƙaramar kwamfuta mai WiFi da ake loda wa shiri) da regileta mai sauke wuta daga 5V zuwa 3.3V. Uku suna aiki lafiya lau, na huɗu sai na danne bakin USB da yatsa yake kawowa, ina cire hannu ya ɗauke, na biyar kuwa ina jona shi regileta ta ɗau zafi har ba ta taɓuwa, sai na yi maza na zare. Abin da ya ɗaure min kai duka biyar ɗin akwai sitika a bayansu wai an gwada. To wane irin gwaji ake musu ne? Ni kuma mitar auna wuta da ayan ɗin liƙi kawai gare ni, me zan duba?

Mai_Dalma:
Wa alaikumus salam. Na huɗun nan matsalar liƙi ce kusan tabbas, dalma ta hau ƙafar bakin USB ɗin amma ba ta kama tagullar bod ɗin ba, saboda mai liƙin ya narkar da ita a bakin ayan ya ɗiga maimakon ya zafafa ƙafar da wurin zamanta tare. Ka samu gilashin ƙara girma ko kyamarar wayarka ka haska fitila ta gefe, liƙi mai kyau za ka ga dalmar ta kwanta ta hau ƙafar a hankali kamar gangaren tudu, mara kyau kuma tana dunƙule kamar ƙwallo ko ka ga siririn tsagi kewaye da ƙafar. Bakin USB ya fi komai fama da wannan don ƙarfen jikinsa yana shanye zafi, ga shi kullum ana turawa ana zarewa, in ba a liƙa ƙafafun riƙonsa da kyau ba duk nauyin kan 'yan ƙananan fil ɗin nan yake sauka. Sa fulaks (maganin da ke sa dalma ta kama ƙarfe) ka sake bin su da ayan mai tsabtar baki, daƙiƙa 2 ko 3 kowace ƙafa. Kuma in ka ga liƙi ya dushe ba ya ƙyalli to alamar bai yi ba ne.

Hajiya_Mita:
Malam Mai_Dalma, a yi haƙuri amma maganar ƙyallin nan ba kullum take haka ba. Dalma mai gubar lead ɗin nan 63/37 da ke narkewa a digiri 183 ita ce ke sheƙi, wadda ba ta da lead irin SAC305 sai wajen digiri 217 take narkewa kuma ko liƙin ya yi kyau a dushe take fitowa, kar yaro ya je ya bi bod gaba ɗaya da ayan ya ɗaga layukan tagulla a banza. Siffa za a duba ba launi ba.

Shi kuma na biyar, ƙanena kada ka sake jona shi sai ka yi wannan: mayar da mita wurin ƙara, ƙafa ɗaya kan 3.3V ɗaya kan GND (negetif ɗin bod). In ta yi ɗan ƙit ta yi shiru ba komai, kafasita (mai ajiye wuta) ce ke cika, in kuwa ta zarce da kuka to akwai shot, wato layukan biyu sun haɗe kai tsaye. Haka za ka yi wa layin 5V. Sannan ka duba juyin kafasitoci da kyau, a nan mutane ke ruɗewa sosai, doguwar kafasita mai kamar gwangwani layin jikinta ɓangaren negetif yake nunawa, amma kafasita irin ta tantalum layinta fozitif ne, mai haɗawa da ya gaji da dare sai ya juya ta bai sani ba.

Mai_Haɗa_Bod:
Ni ma irin sana'ar nake yi, ina haɗawa ina sayarwa kaɗan-kaɗan, kuma gaskiya sitikar nan ba ta nufin komai sai ka san abin da aka yi kafin a manna ta. Wani gwajinsa shi ne ya jona, fitila ta kawo, shikenan. Manyan masana'antu suna da injin kyamara mai bin kowane liƙi, suna kuma aiki da ƙa'idar duba ingancin haɗi mai suna IPC-A-610 da ta raba kaya aji 3, mu ba mu da wannan, amma ba hujja ba ce wlh. Ni katako na samu na dasa masa fil masu sifirin daidai wuraren gwaji, in ɗora bod in danna, in auna wutar da yake ja, in loda masa ɗan shiri da zai kunna kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya don in ga ko biyu sun haɗe, sannan in bar shi a kunne wasu awanni saboda wani liƙin sai ya ɗumama yake buɗewa. Wutar farko kuma daga na'urar da zan iya taƙaita mata yawan wutar da bod zai ja nake ba shi, in sa 100mA, in akwai shot a nan za ta tsaya ba abin da zai ƙone, daga baya in ƙara tunda ESP32 yana jan fiye da 200mA in WiFi na aikawa. Ka tura masa hoto cikin mutunci ka tambaye shi yadda yake gwaji, mai gaskiya zai faɗa maka dalla-dalla kuma zai canza maka.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na yi yadda kika ce, mita ta zarce da kuka a kan 3.3V, da na zuƙo da kyamara sai ga wani siririn zaren dalma kamar gashi ya haɗa ƙafafu biyu na gefen ESP32 ɗin, busasshen fulaks ya rufe shi. Na ɗauki hotonsa tukuna, na janye shi da wayar tsotsar dalma, na goge wurin da sifirit da tsohon burushi, yanzu mita tana nuna 3.3V kuma regileta ba ta zafi. Na USB ɗin ban taɓa ba sai mai kayan ya amsa min saƙo.