Dan Allah wane harsashi ya dace da barewa a bindiga .308?

Dan_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina yana karatu a Texas can Amurka, in sha Allah watan Nuwamba zan je wajensa hutu, to akwai wani dattijo bature maƙwabcinsu mai gona a bayan gari, shi ne ya ce in na zo zai kai mu farautar barewarsu ɗin nan mai farin wutsiya, zai ara min bindigarsa ɗaya .308 Winchester. Yanzu ƙanin nawa ya turo min hoto a WhatsApp na kwalayen harsashi a shago, wani an rubuta 150 wani 165 wani 180, wai in zaɓa. Ni wlh ban san me lambobin suke nufi ba, iyakacina bindigar iska da muke harbin gwangwanin Pepsi da ita a istiraha (gidan hutu) wajen Usfan kusa da Jidda. Kuma baturen ya ce shi ba ya sayen na shago, da kansa yake ɗura nasa a gareji, zai iya ba ni kyauta. To na shago ko nasa? Kuma wace lamba? Sannan in na harbe ta ta mutu kafin mu iso da wuƙa, naman ya halatta?

Abu_Fahad_Riyad:
Wa alaikumus salam. Na yi shekara biyar a Michigan lokacin da gwamnati ke tura ɗalibai karatu, kuma na bi su daji sau da dama, bari in faɗa maka ɗan abin da na gani. Lambar nan nauyin kan harsashin ne, da wani ma'auni nasu da ake ce wa giren. 150 kaman giram 9.7 ke nan, 180 kuma wajen giram 11.7. Mai 150 yana fita daga bakin .308 da gudun mita 860 haka a daƙiƙa ɗaya, mai 180 ya fi shi nauyin tafiya kuma ya fi dukan kafaɗa. Barewar Texas ba wata babba ba ce, musamman ta tsakiyar jihar, wata ma da ƙyar ta fi babban ragon layya, to me za ka yi da 180? Wannan sai manyan namun daji. Ɗauki 150 kalas, in babu 165 ma mazbut ne.

Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne irin kan. Ka ce wa ƙaninka ya duba mai laushin baki, wanda za ka ga dalma ta leƙo a tsininsa, ko mai ɗan tsinin roba da aka rubuta na farauta ne. Shi wannan in ya shiga jiki bakinsa buɗewa yake kaman lema, ya yi ɓarna a huhu, dabbar ba ta wahala. Akwai wani mai arha wanda aka lulluɓe shi da jan ƙarfe har baki irin na soja, kar ka kuskura, shi zare kawai yake yi ya fice ta ɗaya gefen, barewa ta ruga da ciwo ta je ta mutu inda ba mai ganinta, jihohi da yawa ma sun hana farauta da shi. Ni Remington Core-Lokt na yi ta amfani da shi, tun 1939 ake yinsa kuma har yau shi ne na talaka. In kuɗi sun yi maka yawa akwai Nosler Partition, wanda John Nosler ya fito da shi a 1948, cikinsa ɗaki biyu ne, gaba ya buɗe baya ya riƙe nauyi ya ci gaba da kutsawa. Yana da kyau ba musu, sai dai a kan barewa ni ina ganin sayen doki ne don zuwa masallacin ƙofar gida.

Maganar na gareji kuwa, ka tambaye shi tambaya ɗaya: wa wace bindiga ya ɗura su? Masu ɗura harsashi da hannu kowace bindiga suna yi mata nata ne, su fara da albarushi kaɗan yadda kamfani ya rubuta, suna ƙarawa a hankali suna duba kwanso, har su sami wanda ita wannan bindigar take so. Wanda ya zauna lafiya a ɗaya zai iya yin ƙarfi a wata ko da duk .308 ne. Na gani da idona a filin gwaji, wani ya karɓi na abokinsa, harbi na biyu sakatar bindigar ta ƙi buɗuwa sai da ya sa tafin hannu ya doke ta, da kwanson ya fito gindinsa ya baje ya yi sheƙi, nan take mai kula da filin ya ce ya tattara sauran ya mayar wa mai su. In don wadda zai ara maka ya yi su to ba laifi, in ba haka ba ka yi masa godiya ka sayi kwali biyu na shago, ɗaya na gwaji ɗaya na daji.

Baba_Maiurno:
Yaro, ni ban san lambobinku ba. Mu a Maiurno bakin Shuɗin Nilu a Sudan da muka taso, kawuna da bindigar toka yake fita, ya auna albarushi a tafin hannu ya dunƙula tsumma ya tura da sanda, kuma bai taɓa dawowa da labarin wai ya harba ta gudu ba, saboda ba ya harbi sai ya matso har yana ganin kunnenta na motsi. Iska yake fara dubawa, ya ɗebi ƙasa ya sake ya ga ina ta nufa. Yanzu ina Madina wajen 'ya'yana tun da yaƙin nan ya tashe mu a 2023, ido ma ya yi rauni, amma wurin saiti bai canza ba: bayan allon kafaɗa, ƙasa-ƙasa kaɗan, ka jira ta ba ka gefe. Kar ka nemi kai don burga, kai ƙarami ne kuma ba ya tsayawa, sai ka fasa mata muƙamuƙi ta tafi ta mutu da yunwa, alhakin yana wuyanka. Kuma in ka ja kunama ta ruga kar ka bi ta da gudu, zauna ka ba ta lokaci ta kwanta.

Ustaz_Misfala:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Game da halacci, hadisin Adiyyu bin Hatim yana cikin Bukhari da Muslim, ya tambayi Annabi (SAW) kan farauta da mi'irad, wato wani sanda mai tsini da ake jifa da shi, aka ce masa abin da ya huda ka ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kar ka ci. Harsashi hudawa yake ya zubar da jini, shi ya sa malamai irin su Shaikh Ibn Baz suka halatta, da sharaɗin ka yi bismillah lokacin harbi. In kun iso kun same ta da sauran rai to dole yanka, in ta riga ta cika ta halatta a haka. Ka tabbata dai harbinka ne ya kashe ta.

Sannan don masu karantawa kar wani ya ɗauka a nan ma haka ake fita. Farautar barewa a barr, wato daji, haramun ce a dokar Saudiyya, irin barewar da ake kira reem da idmi duk a ƙarƙashin kariya suke a wurare irin Mahazat as-Sayd kusa da Ɗa'if, jami'an tsaron muhalli kuma ba sa wasa da tara. Cikin haramin Makka da Madina kuwa ba a ma maganar.

Abu_Fahad_Riyad:
Na manta abu ɗaya kuma shi ne mushkila babba. Kai da bizar ziyara za ka shiga, dokar tarayyar Amurka ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi sai in yana da lasisin farauta na jiha mai aiki. Ya'ani ka fara yankar lasisin Texas na baƙo kafin ka taɓa ko kwalin, kuma in an haife ka daga 2 ga Satumba 1971 zuwa sama suna neman shaidar kwas ɗin koyon farauta, ƙaninka ya tambayar maka tun yanzu. Kuma ranar dawowa ka zazzage aljihun jaka da na jaket, kar kwanso ko ɗaya ya biyo ka filin jirgin Jidda.

Dan_Jidda:
Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Ustaz jazakallahu khairan. Na kira ƙanin nawa ya je ya tambayi dattijon, ashe harsasan don ɗaya bindigar tasa ya ɗura su, da ya ji tambayar ma dariya ya yi ya ce wanda ya ba ni shawara ya san abin da yake yi. Mun tsaya a kan 150 mai laushin baki kwali biyu, ya ce kwana biyu kafin fita zai kai ni in gwada a yadi 100, in ban iya tara harbi uku cikin farantin takarda ba to kallo kawai zan yi. Abu Fahad dukan kafaɗar nan da ka ambata, yana barin shaida ne ko jaket mai kauri ya isa?