Musayar Waƙa: Takari na Wane Ne?

Mai Alƙalami na Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'in wannan makon shi ne kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa zamanin Turawa, da ja-in-jar da jakadu suka riƙa yi a kansu a Jidda. Na buɗe da amsa-amon "ya", kowa ya zo da nasa.

Bismillahi na fara,
Da sunan Mai duniya.
Tsira ga Ɗan Amina,
Da ya zo da shiriya.

Kakanni sun bi gabas,
Da jaki da 'yar ƙwarya.
Kano, Barno, sai Wadai,
Darfur ta tarbe su da ƙaya.

A yi ƙodago damina guda,
A haɗa guzuri a kama hanya.
Wani ya bar gida yana saurayi,
Da furfura ya ga Bahar Maliya.

Sun sauka Jidda ba takarda,
Sai tambaya ta biyo baya:
Kai na Ingila ne ko na Faransa?
Tsoho ya yi tsai, ya yi dariya.
Ya ce ni dai Bakano ne,
Ban san wata Ingila ba a zuriya.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara basira, Malam. Faransa ta ci garinmu a 1899, iyakar yankin Faransa da na Ingila kuma an yi ta jan ta ana gyarawa a 1898 da 1904 da 1906. Mutane da yawa sun bar gida kafin a gama zana ta, suna can gabas aka raba su.

Malam na Fagge na ji ka,
Bari in ɗora da ɗan ƙari.
Wa a Katsina, ƙane a Maraɗi,
Nono guda suka sha tun fari.
Turawa sun shimfiɗa taswira,
Sun ja layi tsakanin gari da gari.
Wa ya zama ɗan kariyar Ingila,
Ƙane talakan Faransa, ba shiri.
A Jidda in ana ƙidayar kai,
Kowane jakada yana son tari.
In kuɗin jirgin komawa ya taso,
Kowa ya ce ba nasa ne ba Takari.
Na Ingila ya ce tafi gun Faransa,
Na Faransa ya ce sai gobe, bari.

Hajiya Uwar Marayu:
Ƙannena, kun yi wa jakadun nan aski ba ruwa. A yarjejeniyar Jidda ta watan Mayun 1927, wadda Clayton, wakilin Ingila, da Yarima Faisal ɗan Ibn Sa'ud suka sa wa hannu, Ingila ta ƙi sakin ikon 'yanta duk bawan da ya gudo ofishinta. Wannan ma tarihi ne.

Ku dakata 'yan ƙannena,
Ku bar gaskiya a mazauninta.
Akwai yaran da aka ɗauko,
Da alƙawarin Ka'aba da ganinta.
Guzuri ya ƙare a kan hanya,
Aka sayar da su cikin bauta.
Yarinya ta gudo da tsakar dare,
Ko takalmi babu a ƙafarta.
Ƙofar jakadan Ingila ta nufa,
Nan aka rubuta 'yancinta.
Aka sa ta jirgi sai Fot Sudan,
Ubangida na cizon yatsa a bayanta.
Ko da wace niyya suka yi shi,
Ita dai sarƙa ta bar wuyanta.
Kuma kar mu manta mai sayarwar,
Wani sa'in ɗan garinsu ne, maƙwabcinta.

Mai Alƙalami na Fagge:
Baitin ƙarshen nan ya yi zafi, Hajiya, amma ba ƙarya a ciki.

Hajiya na karɓi gyara,
Hannu biyu, ba na yin tsaki.
Sai dai abin da ya sa Bature
Bin sawunmu, tsoro ne a ciki.
Mahadiyya ta hana shi barci,
Tun Burmi da aka gwabza yaƙi.
Palmer, jami'insu, ya bi hanyar har Jidda,
Yana sauraren wa ya buɗe baki.
Sa'idu ɗan Hayatu na Mahadiyya suka kama,
Sai Buea ta Kamaru, nesa da gida da ɗaki.
Fasfon da suka ƙago wa alhaji,
Linzami ne aka sa wa doki.
Dikko na Katsina ya hau jirgin ruwa,
An tarbe shi tarba irin ta sarki.
Talaka da ya rasa kuɗin ajiya,
Ya kewaye ta Masawwa ta Iritiriya da jaki.
Da ciniki ya faɗa da Ibn Sa'ud,
Suka saki ikon nan ba mamaki.

A 1936 suka saki ikon 'yanta bayin, Hajiya. Bautar kuwa ba a haramta ta a can ba sai 1962.

Hajiya Uwar Marayu:
Na sani, ɗan nan. Ban ce waliyyai ba ne. Na ce ƙofa ce, an taɓa buɗe ta, wasu sun fita ta nan.

Jikan Ayari daga Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan, iyaye da yayye. Ina ta karantawa ina shiru, sai na ga zancen gidanmu ake yi, mu da ake kira Fallata a nan. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da ta zama ɗan ƙasa ta 1957, sun kafa sharaɗin zama a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Yaƙin Burmi kuwa, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, kakanninmu suka taso, 1903 aka yi shi. Ku lissafa da kanku.

Ku da kuke waƙa daga gida,
Ragowar ayarin nan, ga mu.
Attahiru ya faɗi a Burmi,
Ɗansa Bello ya ja kakanninmu.
Bakin Shuɗin Nilu suka kafa bukka,
Mai Wurno har yau sunan garinmu.
Da aka datse ruwa a Sinnar,
Audugar Jazira ta san hannunmu.
Mu ne shuka, mu ne tsinka,
Rana ta ƙare a kan bayanmu.
Bature na son ƙarfin Fallata,
A littafin 'yan ƙasa kuwa ba mu.
Da suka naɗe tuta za su tafi,
Landan ba ta ce komai ba a kanmu.
Hartum ta ce ku kawo shaida,
Wa ya ga kakanku kafin zuwanmu?
Kakan da ya zo a ƙafa da allo,
Wace takarda zai bar wa jikokinmu?
Nan a ce Fallata ku koma gida,
In mun je Kano a ce Larabawa ne mu.

Ɗan Damagaram:
Allahu akbar. Ɗan'uwa, ka rufe mini baki. Guda biyu kawai zan ƙara, don mun bar sarki na uku a baya:

Sarkin Hijaz ya yi tasa doka,
Shi ma ya ce mazauna nawa ne.
Sarakuna uku a kan tsoho ɗaya,
Kuɗin burodinsa fa, na wane ne?

Mai Alƙalami na Fagge:
Dokar zama ɗan Hijaz ta 1926 kake nufi, kuma ita ce ba mu taɓa sosai ba. Wanda ke da dangi cikin Hausawan Makka ko Madina ya taso mana su, su faɗa da bakinsu yadda aka yi wasu suka samu takarda wasu suka rasa. Amsa-amon "ka" na ajiye musu. Hajiya, in kin riga su, ban hana ki ba.