Kwana shida na Farawa: abin da muka kwaso daga zaman Wusasa

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada a Wusasa, muka zauna ƙarƙashin dalbejiya kan tambayar da wani ɗalibi daga Samaru ya kawo: a aji an koya masa duniya ta kai shekara biliyan 4.5, ga kuma Farawa sura 1 a Littafi Mai Tsarki, inda aka ce Allah ya halicci duniya cikin kwana shida. Yaya zai yi?

Shawarar da ta fi yawa ita ce ya fara karanta nassin da kansa, a hankali. Wani dattijo ya buɗe Littafi Mai Tsarkinsa, bangon duk ya sha ɗinki, ya nuna "maraice da safiya" da ke rufe kowace rana cikin shidan, ya haɗa da Fitowa 20:11, wadda ita ma ta ce cikin kwana shida Ubangiji ya yi sama da ƙasa. A wurinsa kwana kwana ne, ba ƙari. Wata malama ta ce, "Baba, ai sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata, to da me aka auna ukun farko?" Ta ƙara da cewa kalmar Ibrananci "yom" takan ɗauki ma'anar zamani. Nan aka daɗe, har shayi ya huce.

An gargaɗi ɗalibin kada ya riƙe shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, wadda wasu ke cewa a cikinta aka halicci duniya, kamar aya. Lissafin Babban Bishop Ussher na Ireland ne na 1650, daga jerin zuriya na Littafi Mai Tsarki. Wannan ta fi gamsar da ni.

Batun jarabawa kuwa ba a ja ba: ya rubuta abin da aka koya masa, tambayoyinsa ya kai wa fasto. Dattijon dai ya ce a dawo mako mai zuwa da sura 2.