Masu yara da lalurar Firajil X, wane ciwo ne ya fi wahalar da ku?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da gwajin jini ya nuna yarona mai shekara 4 yana da Firajil X, wata lalurar gado da ke jawo jinkirin koyo da magana. Likita ya ce a ƙwayar gado ta FMR1 matsalar take, wani ɗan yanki a cikinta ya maimaitu fiye da sau 200. Nauyin baki kam na rungumi ƙaddara. Ciwon kunne ne ya hana mu sakat, ya warke ya dawo, sau biyar a bana kaɗai. Akwai wanda ya sha irin wannan?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Mun sha, 'yar'uwa, har mun ƙoshi. Nawa ba ya iya cewa ga inda ke masa ciwo. Sai dai cizon bayan hannu ya ƙaru, ya riƙa goga kai a katifa, dare ya raba yana ihu. Muka ɗauka rigimar lalurar ce kawai, har faɗa na yi masa, Allah Ya yafe mini. Sai da na wayi gari na ga ruwa rawaya a rigar filo sannan jikina ya yi sanyi. Ashe ruwa ne ke taruwa a bayan dodon kunne, yana toshe masa ji. Yaron da dama bakinsa da nauyi, ga shi kuma ba ya jin abin da ake faɗa, ina zai koyi magana? Da aka sa masa ƙananan bututu a kunnen, kafin wata biyu ya fara waiwayowa idan na kira shi daga wani ɗaki. Ki nemi a yi masa gwajin ji, kada ki tsaya a maganin ƙwayoyin cuta kaɗai.

Baban Halifa:
Mu farfaɗiya ce ta zo mana yana shekara 6, kuma ba irin wadda ake yanke jiki a faɗi ba. Gab da asuba sai gefen bakinsa ya riƙa motsi, yawu na zuba. Mahaifiyarsa ce ta yi dabarar ɗaukar bidiyo a waya, shi likita ta gani ta tura mu gwajin EEG, wato na auna aikin ƙwaƙwalwa. Yana kan magani, shekara biyu shiru. Likitar ta ce da yawansu sukan rabu da ita idan sun tasa.

Anti Ladi:
Tawa mace ce, abin ya zo mata da sauƙi, kamar yadda ya kan yi wa mata. Ido ɗaya ne ya karkace, tabarau ya gyara. Ƙaninta kuwa tafin ƙafa a shimfiɗe, yatsu har baya suke lanƙwasawa, yana jariri kuma tumbuɗi ba a magana.

Maman Sadik:
Allah Ya saka da alheri. Maman Biyu, naki yana minshari? Sadik har numfashinsa kan ɗauke ɗif cikin barci, sai ya zabura.

Maman Biyu:
Wannan ɗif ɗin kada ki yi wasa da shi. Ki naɗi sautin a waya yau da dare, ki kai wa likitan kunne da maƙogwaro tare da maganar gwajin jin.